Buhun da Ya Iso Bakin Ƙofa

Kaka ta zo bana, Kaka ba ta nan.
Ni ce na ɗauki mabuɗi daga ƙusa,
na buɗe ɗakin tsaba a gidanmu na Bagalam.
Ƙamshin toka da busasshen ganyen bedi ya tarbe ni,
har na yi sallama, don na saba a amsa.

Dokar ɗakin nan guda ce, Tabawa ta kafa ta:
tsoho a baki, sabo a ƙurya.
Wanda ya riga shiga shi ke riga fita,
ko hatsi ne, in ji ta, ko mutum.

Ba ta san boko ba, ba ta riƙe alƙalami.
Igiyar rama take ɗaura wa wuyan buhu:
ƙulli ɗaya na bana, biyu na bara,
uku kuwa, a surfe shi yau, kada rana ta faɗi.
Ni da alli nake rubuta wata a jikin bido,
tana kallona tana dariya,
wai ruwa na wanke alli, ba ya kwance ƙulli.

Na fara da wake.
Bido shida, ruwan ɗorawa, bakinsu toshe da leda,
na kara kunne a kan kowanne ina sauraro,
don ƙwaro in ya shiga ba ya iya cin shiru.
Na biyar yana ƙas-ƙas.
Na zazzage shi a tabarma, rana ta yi masa shari'a.

Sai kuka, da kuɓewar da muka yanka a damina,
daddawa a tulu, ayar Gidan Rumji rabin buhu,
man gyaɗa da ba ya son a daɗe ana kallonsa.
Gishiri kaɗai ba ya tsufa,
shi na bari inda yake.

Sallau ya kawo buhu huɗu a amalanke daga Jiratawa,
yana haki yana cewa a jibge su nan kusa.
Na ce a'a, ƙurya.
Ya ce bayansa ba na jaki ba ne.
Na ɗora su bisa katako, nesa da bango,
don gara ba ta aiko da sako kafin ta zo.

Ya manta, shi yaro ne lokacin.
Ni na tuna shekarar da tiya ta fi ƙarfin aljihu,
mata suna jiƙa anza kwana da kwanaki don ɗaci ya fita.
Gidanmu hayaƙi bai yanke ba.
Da dare Kaka ke auna rabin tiya a ƙwarya,
ta rufe da faifai, ta ce in kai gidan Mantau,
in ajiye, kada in tsaya a yi mini godiya.

Da na gama jan na baya zuwa gaba,
sai ga shi a bakin ƙofa.
Igiyar rama, ƙulli ɗaya.
Hannunta ne. Ba ta kai ga ɗaura na biyu ba.

Na zauna a kansa har aka kira la'asar.
Zuciyata ta ce, mayar da shi ƙurya,
wannan ba na ci ba ne.
Amma na san abin da za ta ce:
hatsin da aka yi wa kara, ƙwaro aka ajiye wa.

Na kwance shi a hankali, ban sa wuƙa ba.
Na auna tiya biyu zuwa turmi,
rabi a ƙwarya, da faifai a kai.
Igiyar kuwa na kai ta ƙurya,
na ɗaura wa sabon buhu,
ƙullin bai yi kyau kamar nata ba.